Gwajin IAT, tambayar baki da baki, ko lura da aiki: wanne za a shiga ƙauye da shi?

Ɗalibin da ke haɗa kundin digiri a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ta Bayero, da ma'aikacin ƙungiyar da aka ɗora wa sasanta manoma da makiyaya a yankin Guri da Kirikasamma, da jami'in ilimi da ke zargin malaman ƙaramar sakandare na raina 'yan mata a darasin lissafi, duk abu ɗaya ke gabansu: yadda za su auna abin da ke ran mutane game da wasu mutane. A 'yan shekarun nan an yawaita tallata musu gwajin IAT (Implicit Association Test), gwajin kwamfuta mai auna saurin haɗa abubuwa biyu a ƙwaƙwalwa, wai shi ne ke tono abin da baki ke ɓoyewa. Kafin a sayi kwamfutocin hannu a ɗauki hanyar ƙauye, ya kamata a gwama shi da sauran hanyoyi uku da ake da su, wato tambaya kai tsaye, da tambayar ƙirga, da lura da abin da mutum ya aikata.

Anthony Greenwald da abokan aikinsa biyu, Debbie McGhee da Jordan Schwartz, su suka fito da gwajin a Amurka a 1998. A shekarar ce kuma aka buɗe shafin intanet da ya zama Project Implicit, wanda Greenwald da Mahzarin Banaji da Brian Nosek suka assasa, kuma miliyoyin mutane sun yi gwajin a can. Ba ya tambayar ra'ayin kowa, sauri kawai yake aunawa. Mutum na zaune gaban kwamfuta, ɗan yatsa ɗaya a kan maɓallin E, ɗaya a kan I. Hoto ko kalma ta bayyana a tsakiya, shi kuma ya tura ta hagu ko dama. Zagaye bakwai ake yi. A ce batun manomi da makiyayi ne. Zagayen farko, sau 20, rarrabe hoton manomi da na makiyayi. Na biyu, sau 20, rarrabe kalmomin alheri da na sharri. Na uku da na huɗu, sau 20 da sau 40, a gwama su: manomi da alheri a hagu, makiyayi da sharri a dama. A na biyar a sauya wa manomi da makiyayi gefe, sau 20 a tsarin asali, daga baya aka ba da shawarar a mai da shi 40 don hannu ya saba. Na shida da na bakwai, 20 da 40, makiyayi ne ke tare da alheri, manomi da sharri. Jimla dannawa 180 ko 200.

Hikimar ita ce, abubuwa biyu da suka saba zama tare a ƙwaƙwalwar mutum sun fi sauƙin haɗuwa a maɓalli ɗaya. Kwamfuta na ƙirga lokacin kowace dannawa da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Tsarin lissafin da aka gyara a 2003 ya ce a zubar da duk dannawar da ta haura milisakan 10,000, a kuma cire mutum ɗungurungum idan fiye da kashi 10 cikin ɗari na dannawarsa ba su kai milisakan 300 ba, don wannan ba dubawa yake yi ba, bugawa kawai yake. Sai a ɗauki bambancin matsakaicin lokaci tsakanin haɗin farko da na biyu, a raba shi da gwargwadon yadda lokutan mutumin suke hawa da sauka. Abin da ya fita shi ne makin D. Ana kiran 0.15 karkata kaɗan, 0.35 matsakaiciya, 0.65 mai ƙarfi. Waɗannan iyakoki yarjejeniya ce ta masu bincike. Ba a samo su ta hanyar ganin cewa mai 0.65 ya fi mai 0.30 cutar da kowa ba.

Shin makin yana dacewa da abin da mutum ya yarda da shi?

Masu bincike na auna dacewar abu biyu da lamba daga 0, babu alaƙa, zuwa 1, cikakkiyar dacewa. A 2005 Wilhelm Hofmann da abokan aikinsa sun tattara bincike 126, suka sami matsakaicin dacewa tsakanin IAT da abin da mutane suka faɗa da bakinsu 0.24. Idan aka ninka lambar da kanta, za a ga abin da suka yi tarayya a kai bai kai kashi 6 cikin ɗari ba. A shekarar ce Nosek ya gwada batutuwa 57 ya sami 0.36. Amma matsakaicin na ɓoye abin da ya fi amfani. A batun zaɓin 'yan siyasa, inda mutum ya daɗe yana tunani kuma ba ya jin nauyin faɗa, dacewar kan haura 0.5. A batun fifita matasa a kan tsofaffi kuwa ba ta kai 0.2 ba.

Sai maganar tsayuwar sakamako. Idan mutum ya yi gwajin yau ya sake bayan 'yan makonni, dacewar makinsa biyu na kusa da 0.5. Bertram Gawronski da abokan aikinsa sun kwatanta wannan a 2017, da tazarar wata ɗaya zuwa biyu: gwaje-gwaje irin su IAT 0.54, tambayoyin kai tsaye 0.75. Tamkar mudu ne da yau zai ɗan cika gobe ya ɗan rage. In buhu ɗari ka auna da shi, kurakuran za su cinye juna jimlar ta fito daidai, amma ba ka kama mutum ɗaya da laifin tauye awo da shi. Su kansu Greenwald da Banaji da Nosek sun yi gargaɗi a 2015 cewa yanke wa ɗaiɗaikun mutane hukunci da gwajin zai jawo kuskure mai yawa. Don haka duk wanda ya ce zai tace malamai ko ma'aikatan asibiti da shi, ko ya nuna wa wani dattijo makinsa ya ce ga abin da ke zuciyarka, ya yi abin da masu gwajin suka hana.

Hasashen ɗabi'a daga makin ma ba shi da ƙarfi. Tattara binciken da Greenwald ya jagoranta a 2009 ya ba da 0.27 a dunƙule, 0.24 a batun baƙar fata da farar fata. Frederick Oswald da abokan aikinsa suka sake lissafi a 2013 a kan batun launin fata da ƙabila, suka sami 0.15, abin da bai fi kashi 2 cikin ɗari da 'yan kai ba. A 2019 Patrick Forscher da tawagarsa sun duba bincike 492 suka ga ana iya motsa makin, amma motsinsa ba ya jawo sauyin ɗabi'a. Kafin nan, a 2016, Calvin Lai ya gwada dabaru tara na rage karkatar. Duka sun yi aiki nan take, babu wadda ta tsaya bayan 'yan sa'o'i zuwa 'yan kwanaki. Wannan ya shafi ƙungiyoyinmu kai tsaye. Ƙungiya ta yi bitar kwana uku a Hadejia, ta yi IAT ranar buɗewa da ranar rufewa, maki ya sauka, ta rubuta wa masu ba da tallafi cewa zukata sun sauya. Alhali makin kan ragu a karo na biyu ko ba a yi bita ba, saboda hannu ya saba. In ba a ajiye rukunin da bai halarci bitar ba aka gwada shi sau biyu shi ma, wannan rahoto ba shi da tushe.

To me ke kawo tazara tsakanin yatsa da baki? Masu tallata gwajin na ɗauka ɓoyewa ce kullum. Wani lokaci ita ce. Amma akwai abin da mutum ya sha ji ba tare da ya yarda da shi ba. Yaron da ya tashi yana jin ba'ar da ake yi wa Bafillacen daji a dandali da rediyo, hannunsa zai iya saurin haɗa makiyayi da sharri, alhali kakarsa Bafillatana ce kuma shanun gidansu na hannun wani makiyayi shekara da shekaru bisa amana. Akwai kuma hayaniyar ma'aunin kansa, wato kurakuran awo. Har zancen cewa mutum bai san karkatarsa ba yana da ja, domin a 2014 Adam Hahn da abokan aikinsa sun nuna cewa in aka ce wa mutane su yi hasashen yadda sakamakonsu zai fito game da rukunoni daban-daban, suna cankar daidai ƙwarai. Ashe sun san ɗarin da suke ji, sai dai ba sa ɗaukarsa a matsayin ra'ayinsu.

Ga kuma abin da ya fi muhimmanci a wajenmu. An gina IAT a ƙasar da furta wariyar launin fata ya zama abin kunya. A ƙauyukan Kano da Jigawa abin da ake ɓoyewa daban ne. Akwai gidajen da har yau za su gaya maka kai tsaye ba sa ba ɗan mahauta ko ɗan wanzamai 'yarsu, kuma ba sa cin kwano ɗaya da wanda ya taɓa kuturta ko da ya warke. Inda ake faɗa a fili, me za ka tono da na'ura? Abin da ake rufewa shi ne wanda ake tsoron zai hana gari tallafi, ko wanda mace ba za ta faɗa a gaban miji ko kishiya ba, ko wanda talaka ba zai furta a ƙofar dagaci ba. Sai kuma kara: baƙo ya taso daga birni da riga mai tambari, duk abin da ya faɗa a ce masa "haka ne, ranka ya daɗe". Maganin waɗannan yana cikin yadda aka tsara tambaya da wanda ya yi ta.

Gwajin a tsakar gida

Ba wai ba ya yiwuwa ba ne. Lori Beaman da Esther Duflo da abokan aikinsu sun yi shi a ƙauyukan gundumar Birbhum da ke Bengal ta Yamma a Indiya, da murya da hotuna maimakon rubutu, aka buga sakamakon a 2009. An kuma yi shi a Kananga ta ƙasar Kwango a kan batun ƙabila. Sai dai a san wahalarsa tun daga gida.

Manhajojin KoboToolbox da ODK da aka saba ɗaukar bayanai da su ba don ƙirga milisakan aka gina su ba. Sai an nemi irin su Inquisit ko OpenSesame ko PsychoPy, kuma duk na'urorin su zama ƙira ɗaya, don kowace fuska da nata jinkirin amsa taɓi. Sannan a kalli yadda zaman yake. Inna na kan tabarma, kwamfutar hannu a cinyarta, rana na haska fuskar har hoton ya dushe. Jikoki sun yi mata rumfa, ɗaya ya riga ta taɓawa. Ita kuma ba taɓi take yi ta ɗage ba, dannawa take ta riƙe kamar mai dangwala ƙuri'a. Hoto ya fito ta ɗago kai ta ce wa mai ɗaukar bayanai, "'Yar nan, wanne zan taɓa?" Daƙiƙa huɗu sun tafi, a gwajin da bambancin da ake nema bai fi milisakan ɗari ko ɗari biyu ba. Mijinta kuwa kantar fartanya ta sa fuskar ba ta jin yatsansa sai ya maimaita. Makin D na rage tasirin jinkirin tsufa, amma ba ya gyara ruɗewa.

Zaɓen hotuna shi ma tarko ne. In hoton makiyayi na ɗauke da sanda ko adda, na manomi kuma yana murmushi, to makami da fara'a ka auna. Fuskoki su zama sa'annin juna, haske ɗaya, yanayi ɗaya, kuma ba 'yan yankin ba. Wa ma za a kira Bafillace a ƙasar da sarakunanta da hakimanta da yawa Fulani ne? Dole rukunin ya fito sarai, kamar mai ruga da mai gona, in ba haka ba kowa da abin da zai fahimta. Kalmomi huɗu zuwa takwas aka saba sa wa kowane rukuni. Tunda murya ce za ta karanta su, su yi daidai a tsawo, kamar alheri da masifa, kuma kada a haɗa nasara da asara a gwaji ɗaya, don kunne zai rikita su. Harshe ma na da tasiri. Wani bincike na 2010 a kan masu jin Larabci da Faransanci a Maroko ya nuna makin mutum ɗaya na sauyawa da harshen da aka yi gwajin. Makiyayin da aka gwada da Hausa ba lallai ya ba da makin da zai bayar da Fulatanci ba. Sannan rabin mutane su fara da haɗin manomi da alheri, rabi da na makiyayi da alheri, domin haɗin da aka fara da shi kan fi sauri.

Tambaya kai tsaye ta fi duka arha, ta fi tsayuwa, kuma ita kaɗai ke ba ka dalili. Raunin ta a bayyane yake, kuma yawancinsa na gyaruwa. Mace ta tambayi mace a cikin gida, namiji ya tambayi namiji nesa da zauren mai gari. Wani nazari na 2016 a kan bayanan Afrobarometer, cibiyar jin ra'ayin jama'a, daga ƙasashen Afirka 14 ya nuna amsoshi na sauyawa idan mai tambaya ɗan ƙabilar mai amsa ne, don haka a rubuta wanda ya yi kowace hira, a kuma rarraba gidaje da ƙuri'a. Kada a karanta jimla ɗaya a ce ka yarda ko ba ka yarda ba, kara za ta sa a ce an yarda. A ba da biyu: wasu na cewa kaza, wasu na cewa kaza, kai wanne ka fi karkata? In ya zaɓa sai a bi da ƙwarai ko kaɗan. Matakan kusanci da Emory Bogardus ya fito da su tun 1925 na aiki a nan in an gyara su: ya sauka a garinku, ku yi ciniki, ka ba shi kiwo, ku ci kwano ɗaya, ya ja ka salla, ya kafa ruga kusa da gonarka, ka ba shi 'yarka. A gwada jerin kafin a fita, don manomi na iya ba makiyayi amanar shanunsa cikin sauƙi ya ƙi amincewa da ruga a bakin gona. Mutum 385 da aka zaɓa da ƙuri'a na ba da kuskuren da bai wuce maki 5 cikin ɗari sama ko ƙasa ba. In ƙauye-ƙauye aka ɗiba, a ninka adadin.

Idan batun na da haɗari da gaske, kamar goyon bayan ramuwar gayya, akwai tambayar ƙirga. A raba mutane biyu da ƙuri'a. Rukunin farko a karanta musu abubuwa huɗu marasa nauyi, na biyu a ƙara na biyar, wanda ake nema. Ba a tambayar wanne, sai guda nawa ka yarda da su. Wanda bai yi boko ba a ba shi tsakuwa biyar ya riƙe a bayansa, yana mai da ɗaya zuwa ɗaya hannun duk lokacin da ya yarda, a ƙarshe ya nuna jimla. A ce rukunin farko matsakaicinsu 1.6 ne, na biyu 1.9, to kusan kashi 30 cikin ɗari ke nan. A sa abubuwa biyu masu karo da juna cikin huɗun, don kada wani ya yarda da duka asirinsa ya tonu. Tsadarta ita ce yawan mutane. Wani nazari na 2020 ya ƙiyasta hayaniyarta ta ninka ta tambaya kai tsaye kusan sau 14. Abin da mutum 400 za su ba ka can, nan sai 5,600. Ɗalibi mai ƙaramin aljihu ya haƙura da ita.

Lura da aiki ita ce ta fi kusa da abin da yawancin masu aikin nan ke nema. A Kaduna, Alexandra Scacco da Shana Warren sun rarraba samari Musulmi da Kirista da ƙuri'a zuwa ajin koyon kwamfuta na mako 16, wasu a gauraye wasu addini ɗaya. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna abin da samarin ke faɗa game da juna bai sauya ba, amma a wasan rabon kuɗi 'yan aji mai gauraye ba su nuna bambanci kamar 'yan ajin addini ɗaya ba. Da aka bi diddigi, 'yan ajin addini ɗaya ne suka ƙara fifita nasu fiye da waɗanda ba su shiga horon ba. Da tambaya kaɗai aka yi, da an ce babu abin da ya faru. A Birbhum ma an kunna wa mutane jawabi iri ɗaya, wasu da muryar namiji wasu da ta mace. Maza a ƙauyukan da ba su taɓa samun shugaba mace ba sun rage wa muryar mace maki, wannan tazara kuma ta ɓace inda aka taɓa samu. IAT ɗinsu mai haɗa maza da shugabanci, mata da aikin gida, shi ma ya sassauta a wajen mazan, amma wanda ke auna so ko ƙin shugaba mace bai motsa ba.

Jami'in ilimi na iya yin irin wannan ba tare da na'ura ba. A ɗauki takardun amsa goma masu nuna aikin lissafi mataki-mataki, don zaɓi-ka-cika ba ya barin wurin son rai. A buga su kashi biyu, rubutu iri ɗaya, a musanya suna kawai, nan Aisha can Aliyu. Kowane malami ya sami kashi ɗaya da ƙuri'a. Malamai 64 a kowane ɓangare sun isa gano matsakaicin bambanci, ƙarami kuwa sai kusan 400. Bayan an gama a yi musu bayani, kuma ba a fitar da sunan kowa. Nan ne IAT zai iya zama ƙari mai amfani. Michela Carlana ta nuna a Italiya a 2019 cewa 'yan matan da suka faɗa hannun malaman lissafi masu ƙarfin haɗa kimiyya da maza sun fi raguwa a maki. Amma malamai sun iya karatu, sun saba da waya, kuma ta haɗa makin da rajistar jarrabawa ta ɗimbin ɗalibai.

Ra'ayinmu ke nan: mai son sanin abin da mutane suka yarda da shi ya tambaye su da kyau, mai son sanin ko ana cutar da wani ya auna aiki, IAT kuma ya zo na uku, a kan rukuni masu karatu, tare da ɗaya daga cikin biyun. Kowacce aka zaɓa, a lura da lokaci. Amsar manomin fadamar Hadejia a kaka, sa'ad da shanu ke gangarowa amfanin gona na tsaye, ba ɗaya take da ta tsakiyar damina ba, kuma kwatanta garin da aka auna a kaka da wanda aka auna a damina kwatanta yanayi ne. A nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, a bi ta hannun hakimi da dagaci ko bulama, amma kada su zaɓa maka waɗanda za ka gani.

Wanda ya dage sai ya kai IAT ga mutanen gari, ya fara da share fage a kan mutum 30 na wani ƙauye daban, maza da mata, tsofaffi da samari. Ya ware wa kowa rabin sa'a a ɗaki mai inuwa, da abin sawa a kunne, da zagayen koyo a kan abin da ba ya da nauyi, kamar rarrabe kaji da awaki. Sai ya ƙirga mutum nawa aka cire saboda gaggawa ko yawan kuskure, kuma su wane ne. In waɗanda aka cire sun haura ɗaya cikin biyar, kuma akasarinsu dattawa ne da matan aure, to makin da ya rage na samari masu wayar shafa ne, ba na garin ba, kuma haka za a rubuta a rahoto.